Kiɗan da Maiwada Ya Ɓoye

A Maska babu wanda bai san tsakin Maiwada ba. In ɗan acaɓa ya wuce da waƙa tana tashi a wayarsa, sai ka ji tsaki daga gindin dalbejiyar bakin masallaci, dogo mai ƙarfi, kamar an keta sabon yadi. Baƙo kan ɗauka ustazanci ne, wato malam ba ya son kiɗa. Ko kusa. Maiwada ya fi kowa a garin son kiɗa, shi ya sa ma yake shan wahala. Kunnensa ne ya zame masa jarraba. Abin da jama'a ke rausaya kai a kansa, shi ji yake kamar an zuba masa sukari a miyar kuka.

Yanzu manomi ne mai shekara hamsin da 'yan kai, yana da masara da waken suya da ɗan fegin auduga, hannunsa na hagu kuma kullum yana cikin aljihun riga. Amma shekara ashirin da suka wuce, in ana lissafa masu fiyano tsakanin Funtua da Malumfashi, da sunansa ake farawa.

Yana saurayi mahaifinsa ya kai shi Funtua koyon gyaran rediyo wurin Mista Babajide, Bayarabe haifaffen garin, wanda Hausa ta zauna a bakinsa fiye da wasunmu. Ranar Lahadi shi ke kaɗa fiyano a cocinsu, sauran ranaku kuma yana da wani ƙarami mai batir a bayan shago, yana taɓawa in babu aiki. Har yau Maiwada bai iya gyaran rediyo ba. Fiyanon dai ya iya, domin Babajide ya ga inda idon almajirinsa yake zuwa, ya jawo masa kujera.

"Muryoyi bakwai ne," in ji Babajide. "Do, re, mi, fa, so, la, ti. In ka danna uku tare, kana tsallake maɓalli ɗaya a tsakani, shi ake kira kod. Na gefe biyun nan masu gadi ne kawai, ba su da ta cewa. Na tsakiya shi ne mai magana. In yana sama, murna za ka ji. In ya sauko ɗan taki guda, sai tausayi."

Ya danna, ya sauko da yatsan tsakiya, sai Maiwada ya ji tsigar jikinsa ta tashi.

Daga nan ya koya masa cewa waƙa ma tana da gida, inda take komawa ta kwanta in ta gama yawo. Wadda gidanta do ne, ta murna ce. Wadda gidanta la ne, ta tausayi ce, kuma gidan la yana da mutanensa. Kod ɗin da aka ɗora kan la, da na re, da na mi, su ne 'yan gida, duk ukun masu sanyin murya. Na do da na fa da na so masu haske ne, amma a gidan la baƙi ne, su leƙo su gaisa su wuce. Akwai na ti, wani ƙuntatacce da ba ya zaune ba ya tsaye, bi ta kansa kawai ake yi. Sannan ya nuna masa wata dabara: in waƙa ta doshi gida, ka kama kod ɗin mi, ka ɗaga na tsakiyarsa zuwa baƙin maɓalli, sai ka ji ya kamo waƙar ta wuyan riga ya kai ta la.

"Ka kula da wannan," in ji shi. "Fararen maɓallan nan ɗaya ne ga gidajen biyu. Mutum zai iya kaɗa waƙar gidan la da kod ɗin gidan do, bai taɓa maɓallin kuskure ko ɗaya ba, kuma ya kashe waƙar murus."

Babajide bai ɓoye masa ko ƙwayar zarra ba. Da za su rabu ma, ƙaramin fiyanon ya ba shi kyauta. A riƙe wannan, domin a nan ne laifin Maiwada zai fito fili.

Maiwada ya buɗe situdiyo, ya yi suna, ya auro Sakinatu daga Dayi. Mace ce mai yawan dariya, amma tana da wata waƙa guda da take yi in tana tsinkar auduga ko ɓarar masara, wadda ita ta haɗa abarta tun tana amarya:

Na bar gidanmu ban ja ƙyaure ba,
Inna ki bar shi, wata rana zan dawo.

A cikin wannan waƙar kaɗai take ajiye kewar gidansu. Maiwada ya lalubo ta a fiyano ya same ta zaune daram a gidan la. Yakan kaɗa mata tana yi, ita kuwa ta ce, "Kai da wannan akwatin naka," ta ci gaba. Mutumin da ya ɗauki muryar rabin Funtua a kaset bai taɓa ɗaukar ta matarsa ba, don yana ganin ai kullum tana nan. Zazzaɓin kwana huɗu ya tafi da ita, 'yarsu Raudatu tana shekara uku. Yayarsa Hajo ce ta raini yarinyar a gidansu na Maska.

A shekarun nan ne wani yaro, Awaisu, ya zo koyon sana'a. Yana da kunne, yana da saurin hannu, abin da aka nuna masa sau ɗaya ya zauna ke nan. Da wani maigidan ne, da ya yi murna. Maiwada tsoro ya ji. Akwai wata muguwar al'ada a wurin masu sana'armu, daga maƙeri har tela, ta maigida ya riƙe wani abu a aljihu don kada na ƙasa da shi ya kamo shi. Maiwada, wanda aka ba komai kyauta a bayan shagon rediyo, ya bi wannan al'ada ko kunya babu. Ya koya wa Awaisu kod uku masu haske, do da fa da so. Ya nuna masa maɓallin da ke ɗaga murya ko sauke ta ba tare da an canza yatsu ba. Ya nuna masa wancan na malalata, wanda in ka kunna shi yatsa ɗaya ya isa, ka danna murya guda injin ya cika sauran, kuma na murna zai cika, domin shi injin a ganinsa duk duniya biki ake yi. Gidan la kuwa ko ƙofarsa bai nuna masa ba. Duk ranar da aka kawo waƙar tausayi, sai ya aike shi sayen man janareta a gidan mai mafi nisa. Shekara shida ana haka.

Sai wata kaka, ya je Maska taya 'yan'uwa aiki, injin casar masara ya kamo hannun rigarsa. Kafin a kashe injin ya tafi da yatsu uku na tsakiya a hannun hagu, ya bar masa babba da ƙarami. Da ciwon ya warke bai koma Funtua ba. Ya bar wa Awaisu situdiyon, ya naɗe fiyanon Babajide a buhu ya tura ƙarƙashin gado, ya sa hannu a aljihu, ya koma gindin dalbejiya yana tsaki.

Bara ne Raudatu, wadda ta zama malamar firamare, ta kawo Talha, wani ɗan Malumfashi mai shagon taki da iri, aka sa rana bayan kaka. Sunan mahaifiyar Maiwada gare ta, don haka Uwata yake ce mata. Wata safiya ta durƙusa ta gaishe shi, ta ƙi tashi.

"Baba, Gwaggo Hajo ta ce Innata tana da wata waƙa. Ta tuna baitin, amma ta ce karin ya ɓace mata."

"Haka ne, Uwata."

"Ni ko muryarta ban sani ba. Hoto ɗaya gare ni, shi ma ya dushe. Ina so a yi min waƙar a bikina, in tafi da ita ɗakina."

Maiwada ya gane nauyin abin tun a wurin. A duk duniya karin waƙar nan a kansa kaɗai ya rage. Abin da ya miƙa wa yarinyar nan, shi ne zai zame mata uwarta har ta mutu.

Ya hau mota ya tafi Funtua. Situdiyon ya canza, an sa na'urar sanyaya ɗaki, an sa kwamfuta mai fuska biyu, mawaƙa suna zaune a layi. Awaisu ya zama magidanci mai tumbi da mota, amma da ya ga maigidansa sai ya miƙe ya rusuna har ƙasa. Maiwada ya rera waƙar a wayar Awaisu, sau biyu.

"Maigida, ko za ka ɗan taɓa mana, mu ji yadda kake so?" in ji Awaisu, yana juyo masa da fiyano.

Hannunsa na dama lafiya lau yake. Minti uku sun isa ya nuna la da re da mi. Amma nunawar tana nufin ya amsa a gaban mutane cewa akwai abin da ya ɓoye shekara shida, tana kuma nufin hannun hagu ya fito daga aljihu. Sai girman kai ya sake yi masa jagora.

"Kai ne mai zamani," ya ce. "Waƙar tausayi ce dai, ka kula."

"An gama, Maigida."

Bayan mako biyu yana gona ana ɗinke buhunan masara, sai ga wasu mata sun wuce ta kan iyaka da waya a hannu. Ya ji ganga tana dukan tsalle, ya ji wata siririyar murya da inji ya goge ta tas har ta daina kama da ta mutum, ya buɗe baki zai yi tsakinsa na kullum, sai ya ji baitin. Na bar gidanmu ban ja ƙyaure ba. A ƙarƙashinsa do da fa da so suna ta washe baki. Da aka zo ƙarshe, wurin da Sakinatu kan sauke murya a hankali ta kwantar da ita a la, sai ya ji an fizgo ta sama an dasa a do, kamar mai shelar an ga wata.

Tsakin bai fito ba. Miyau ne ya taru masa a baki, ya koma bayan tarin kara ya tofar. An ɗauki kewar mace ga uwarta an sa mata takalmin rawa. Matan kuwa har sun fara gyaɗa kafaɗa, ɗaya tana cewa a tura mata.

Abin da ya tarar a gida ya fi wannan. Raudatu tana tsakar gida tana ninke atamfofinta, tana bin waƙar da baki, ƙarshenta yana tashi sama yadda Awaisu ya ɗaga shi. Da ta gan shi sai fuskarta ta cika da haske.

"Baba, na gode. Ashe haka Innata take? Ni duk na ɗauka mai shiru ce. Yanzu in na rufe ido har ina ganinta tana rawa."

Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya shige ɗaki. Tuwon ranar bai ci ba.

Washegari da safe yana Funtua. Bai tsaya gaisuwa ba.

"Awaisu, me ka yi wa waƙar matata?"

"Maigida, waƙar ta karɓu. Dangin ango sun watsa ta har Malumfashi, jiya ma daga Mahuta aka kira ni ana son irinta."

"Na ce maka ta tausayi ce. Ka mai da ita kiɗan 'yan tallar magani."

Awaisu bai yi fushi ba, mamaki ne ya kama shi. Ya juyo da fiyanon, mawaƙan da ke layi suka zubo ido.

"Don Allah Maigida, nuna min maɓalli ɗaya da na taɓa ba daidai ba. Do, fa, so, yadda ka koya min. Na ma rage gudun gangar saboda tausayin da ka ce. Ƙarshen ne kawai ya ƙi zama, yana ta reto, sai na ɗan ɗaga shi ya isa gida."

"Gidan wa?"

"Gida dai, do. Akwai wani gidan ne?"

Da a ce da rashin kunya ya yi tambayar, da Maiwada ya sami abin kamawa. Amma da zuciya ɗaya ya yi ta, yana kallonsa yadda yake kallonsa shekarun baya in an miƙa masa jarkar mai. Maiwada ya dubi fiyanon, ya dubi idanun da suka zubo masa. Ƙyamar da ya taho da ita tun daga Maska, ya yi niyyar juye ta a kan Awaisu, sai ya ga ashe tasa ce. Ya juya ya fita, hannu a aljihu.

Ranar biki ta zo. An ɗaura aure da hantsi, aka kafa manyan lasifika a ƙofar gida, mata suka cika tsakar gida da lungu. In an sa waƙar sau ɗaya an sa ta sau ashirin. Tsofaffin da suka san Sakinatu ma sun taka, wata har tana cewa ai haka marigayiya take yi, ita ta sha ji da kunnenta. Maiwada yana zaure yana karɓar gaisuwa, farantin shinkafa a gabansa ƙuda na bi, duk sanda ƙarshen nan ya tashi sama sai ya ji kamar ana goga masa ƙarfe a haƙori. Abin da ya fi ci masa rai, kowa ya shigo sai ya ce masa, "Malam Maiwada, hannunka bai mutu ba, ga shi ɗalibinka ya gaje ka."

Bayan la'asar motocin Malumfashi suka iso. Hajo ta riƙo amarya lulluɓe ta kawo ta ɗakin ubanta don ya yi mata nasiha, yadda aka saba. Ƙawaye suka so biyowa, ya ce su dakata a waje. Ya aika a kashe lasifikar na ɗan lokaci.

Bai yi maganar haƙuri da biyayya ba, ya san Hajo ta yi ta har ta gaji. Ya durƙusa ya jawo buhu daga ƙarƙashin gado, ya kwance, ya hure ƙura. Tun da safe ya sayo batir shida ya ɓoye a aljihu. Ya sa su, ya kunna, ya tabbatar maɓallin malalatan nan a kashe yake. Sannan ya zaro hannunsa na hagu ya ɗora a kan fararen maɓallan. Raudatu ta sha ganin hannun a fakaice, amma ba ta taɓa ganinsa a buɗe a gabanta haka ba.

Ya danna la da ƙaramin yatsa, mi da babba. Sautin ya fito fayau, ba murna ba tausayi.

"Uwata, matso. Kin ga gurbin nan na tsakiya? Sa yatsanki nan."

Ta fito da hannu mai lalle daga mayafi, ta danna inda ya nuna. Ɗakin ya canza nan take. Hajo, da ke tsaye bakin ƙofa tana gyara ɗankwali, ta saki hannu.

Ya kama karin da hannun dama, ya fara rerawa. In zai matsa zuwa re sai ya nuna mata da haɓa, ta bi shi, wani lokaci ta makara, wani lokaci ta danna biyu. Da suka doshi ƙarshe ya ce, "Baƙin nan na kusa," ta hau baƙin maɓalli, sautin ya ja, ya ja, sannan suka sauka tare a la, a hankali, yadda mace kan sauke tulu daga kai.

Hajo ta zauna a ƙasa. "Ita ce," ta ce. "Wallahi Sakinatu ce. Maiwada, ina ka ajiye ta duk shekarun nan?"

Raudatu ba ta ɗaga yatsanta ba har sautin ya mutu. Amare kan yi kuka in za a fita da su, kowa ya san da shi, har tanadinsa ake yi. Nata kukan ba irinsa ba ne, ba shi da ƙara, kafaɗunta ne kawai ke rawa.

"Ashe ba rawa take yi ba," ta ce.

"Tana rawa, Uwata, tana dariya fiye da kowa. Amma ba a wannan ba. A wannan gida take tunawa."

Ta laluba cikin mayafi ta ciro wayarta. "Baba, sake. Zan ɗauka."

Suka sake. Ba su kai rabi ba wani a waje ya ga shirun ya yi yawa, ya kunna lasifika. Gangar Awaisu ta shigo ta taga ta hau kan muryar tsohon, mata suka ɗauka da guɗa. Maiwada ya daure ya kai ƙarshe, amma ya san abin da wayar ta kama: shi a ƙasa yana lallaɓawa, wancan a sama yana tsalle. Waccan tana wayar kowa daga Maska har Dayi. Wannan tana waya ɗaya, ita ma da amo a kanta.

Direbobi suka fara danna ham a ƙofar gida. Raudatu ta share ido da gefen mayafi, ta dubi fiyanon, ta dube shi.

"Baba, to me ya sa Malam Awaisu bai san wannan ba? Ba kai ka koya masa ba?"

Yana iya cewa yaran zamani ba sa tsayawa su koya, kuma da ta yarda, domin ta girma tana jin yana faɗin haka a gindin dalbejiya.

"Ni na koya masa," ya ce. "Rabi na koya masa. Sauran rabin ni na hana shi, da gangan."

Ta dai dube shi ɗan lokaci, irin kallon da ba ta taɓa yi masa ba. Hajo ta tashi ta ja mata mayafin ya rufe fuskar, ta kama hannunta suka fita. Yana jin mata sun kewaye ta suna raka ta mota da waƙar uwarta, suna ɗaga ƙarshen sama da dukkan ƙarfinsu.

Maiwada bai fita rakiya ba. Yana zaune a ƙasa gaban fiyanon Babajide, yatsunsa biyu a kan la da mi, maɓallin tsakiya ba mai danna shi, har ƙarar motocin ta ɓace a hanyar Funtua.